Daga Gombe zuwa Akra a mota da ƙaramin guzuri: amsa ga wani mai ɗinkin hula

Wani matashi daga unguwar Jekadafari a Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Baba Alhaji, ina so in je Akra, babban birnin Gana, in gano baffana da ya daɗe a unguwar Nima, in kuma gwada ko hulunan da nake ɗinkawa za su samu kasuwa a can. Ban taɓa wuce Abuja ba, kuɗina kuma ba su taka kara sun karya ba. Abokaina sun ce in hau tirelar shanu zuwa Legas, daga nan in riƙa tsallaka iyaka a kan babur, ba sai na yi fasfo ba. Wace hanya ce ta fi araha, kuma me zan tarar a garin?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da zumunci. Na daɗe ina bin hanyar nan da kayan fatauci, kuma zan faɗa maka gaskiya tun daga farko: shawarar abokanka ita ce mafi tsada a cikin duk hanyoyin da za ka iya bi. A wannan tafiya ba kuɗin mota ke cinye aljihun mutum ba. Wuri biyu kuɗi ke zurarewa: bakin iyaka, idan ba ka da takarda, da daren farko, idan ka sauka a garin da ba wanda ke jiranka. Wanda ya toshe waɗannan ƙofofi biyu zai je ya dawo da canji a aljihu, ko da motar da ya shiga ta fi ta kowa tsada.

Mu fara da takarda. An kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1975, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Najeriya da Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Wannan haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce. Amma haƙƙin yana tafiya da sharaɗi biyu: takardar tafiya mai aiki, da shaidar rigakafi. Takardar tafiya ita ce fasfo, ko kuma takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS wadda ofishin shige da fice ke bayarwa, ita ce ta fi sauƙin kuɗi, kuma don irin wannan tafiya aka yi ta. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 daga watan Satumba na 2025, na san ba ƙaramin abu ba ne ga mai zaman ɗinki, sai dai yana aiki shekara 5, kuma idan kasuwar hula ta karɓe ka, ba sau ɗaya za ka bi hanyar ba. Ka je ofishinsu na Gombe da kanka da lambarka ta NIN, kada ka ba wani ɗan tsakiya.

Shaidar rigakafi ita ce katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Mutanenmu sun fi raina shi, shi ne kuma ake fara tambaya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka yi allurar ta gaske. Akwai masu sayar da katin ba tare da an tsira maka komai ba, kuma ban da cewa ana gane na jabu, cutar kanta tana kisa, sauro ne ke ɗaukarta, ba ta duba kati.

Sai maganar tirela. Ina roƙonka da girman Allah ka cire ta daga ranka. Duk mai bin hanyar kudu ya ga abin da ke faruwa idan babbar mota ta kife da mutane a saman kaya: babu bel, babu rufi, babu sunan kowa a rubuce, wani lokaci sai an yi kwanaki kafin dangi su ji labari. Ga ruwan sama da zarar an wuce Lokoja, ga sanyin dare, ga tsayuwar da ba ta da lokaci, domin direban shanu dabbobinsa yake kallo, ba kai ba. Abin da ka rage a kuɗin mota za ka biya shi a kemis.

Daga Gombe zuwa Legas ya haura kilomita 1,200. Hanyar da aka fi bi ita ce Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi, Abuja, sannan Lokoja inda ake haye kogin Kwara, Okene, Owo, Akure, Ibadan, Legas. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, don haka ka je tasha ana saura kwana biyu ka ji farashin ranar da kunnenka. Ka shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta suna da lambar wani naka, ko ta Gombe Line ce ko ta 'yan ƙungiya, kada ka tsaya bakin titi don ragin da ba zai sayi kwanon shinkafa ba. Ni a ganina ka raba tafiyar biyu. Ka kwana Abuja tunda ka san ta, ka kama motar asuba, domin ka wuce tsakanin Lokoja da Okene da Owo rana na sama. Motar dare ta fi araha, tana kuma rage maka kuɗin kwana, na sani, amma dazukan wannan yanki ba wurin ratsawa da tsakar dare ba ne. A Legas akwai mutanenmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kuma da wuya a ce a duk layin masu ɗinki na kasuwar Gombe babu mai ɗan'uwa a ɗaya daga cikinsu. Ka nemi lambarsa tun kana gida.

Daga Legas zuwa Akra tafiyar ba ta da tsawo, wajen kilomita 460 ce, duk a gefen teku. Abin da ke tsawaita ta iyakoki uku ne: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Gana. Kowace iyaka fuska biyu gare ta, ta fita da ta shiga, ka ga sau shida ke nan za a duba ka.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, doguwar mota ta kamfani, irin su ABC da Chisco da GUO, wadda ke tashi da sassafe daga Legas ta sauke ka a Akra. Ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya kai a buga, kai dai ka sauko idan an ce a sauko. Ta biyu ita ce yanka-yanka: daga Mile 2 zuwa Seme, ka taka ka tsallaka, ka shiga ta Kwatano, daga can ta Lome, ka sake takawa a Aflao, ka kama ta Akra. Idan aka haɗa kuɗin motocin kaɗai, yanka-yanka ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wannan lissafin wanda ya san hanya ne, ya san kuɗin kowane zango, yana iya ƙirga sefa da Faransanci ko aƙalla da yatsu ba a cuce shi ba. Kai da ba ka taɓa zuwa ba, ka shiga doguwar mota a tafiya, ka buɗe idonka, ka ga inda ake sauka da inda ake hawa. A dawowa sai ka yi yanka-yanka, ka mayar da abin da ka kashe.

Game da babur ta bayan gari, ga abin da abokanka ba su faɗa maka ba. Ɗan acaɓan zai tsallakar da kai, gaskiya ne, amma a shingayen da ke gaba ba ya nan lokacin da za a tsayar da kai. Wanda babu hatimin shiga a takardarsa, duk mai kaki da ya tare shi yana da abin kama shi da shi, kuma a kowane shinge sai ya sayi kansa. Wanda takardarsa ta cika, ko an nemi na goro, roƙo ne ake yi, ba dole ba. Za ka ji ana cewa sabon fasfo da ba a taɓa bugawa ba yana da wani kuɗi na musamman. Babu wannan a doka. Ka yi sallama, ka cire tabarau idan kana sawa, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka fito da damin kuɗi a gaban kowa. Ka ware 'yan ƙananan takardu a aljihun gaba, sauran su kasance a jikinka, a wuri biyu daban. Idan an dawo maka da fasfo, ka buɗe nan take ka ga hatimin da kwanakin da aka rubuta maka.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kada ka riƙe wa kowa saƙo. Ko dattijo ne mai carbi, ko mace mai goyo, idan an ce "ɗan riƙe min ledar nan mu wuce", ka ba da haƙuri. Ƙwayoyi na bin wannan hanya, kuma wanda aka samu abu a hannunsa shi ne mai shi.

Kuɗi kala uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Ka canza kaɗan a bakin iyaka, abin ruwa da abinci da mota, sauran ka bari sai baffanka ya kai ka wurin wanda ya sani. Ka tambayi 'yan canji biyu ko uku kafin ka miƙa, ka ƙirga nasu a hannunka kafin ka saki naka. A 2007 Gana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, amma har yau za ka ji wasu tsofaffi a kasuwa suna kiran sidi 100 da miliyan ɗaya, kada gabanka ya faɗi. Agogo ma zai canza: Benin lokacinmu ɗaya, amma Togo da Gana suna bayanmu da awa guda. Ka yi alwala duk inda aka tsaya, ka yi ƙasaru, domin direban kamfani ba lallai ya tsaya don salla ba.

Kana cikin motar nan, ka tuna ba kai ne farkon zuwa ba. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro, da jakuna, suna kai kanwa da fata da tufafi, ta Yawuri da Nikki da Jugu da Yendi har Salaga, tafiyar watanni. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka bazu zuwa wasu garuruwa, ciki har da na kudu. Wasu Hausawan kuma aikin soja ya kai su, a rundunar da Turawan Ingila suka yi yaƙin Ashanti da ita a 1873 zuwa 1874. Wannan ne asalin zango, unguwar baƙi 'yan arewa, da za ka gani a kusan kowane gari na Gana. Waccan tsohuwar hanya ta arewa ba ta baƙo ba ce a yanzu, saboda rashin tsaro a yankin iyakokin Nijar da Burkina Faso da arewacin Benin. Ka bi ta teku.

Bayan Aflao saura wajen kilomita 190. Za ku haye kogin Volta a gadar Sogakope, ku wuce Tema mai tashar jiragen ruwa, sai Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Ƙananan motocin Aflao a Tudu suke saukewa, a tsakiyar gari. Sau da yawa dare ke yi kafin a iso, shi ya sa nake so baffanka ya san ranar da sunan motar, ya turo yaro ya jira ka. Layinka na Najeriya zai iya ɗaukewa, don haka ka rubuta lambarsa a takarda, da laƙabin da aka san shi da shi a can, da masallacin da yake salla. A zango da waɗannan ake nemo mutum, ba da lambar gida ba.

Abin da zai fara taɓa ka iska ce. Zafin Gombe busasshe ne, ka yi gumi ya bushe. Na Akra mai danshi ne, riga na manne wa jiki, wanki na daɗewa bai bushe ba, ko'ina kuma da ɗan ƙarnin teku da hayaƙin kifi. Kwana biyun farko za ka ji kasala, ba ciwo ba ne. Ka sha ruwa, ka kwana cikin gidan sauro.

Nima kuwa za ta ruɗe ka. Za ka ji kiran salla daga kowane lungu, ka ga mai shayi da mai tsire da mai koko da ƙosai, ka ji Hausa a bakin Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi da Fulani, domin a zango Hausa ce harshen da ya haɗa kowa, ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Lunguna ne matsattsu, gidaje a cushe, kwatoci a buɗe, mutane kuma masu karɓar baƙo hannu bibbiyu. Hausarsu ta sha bamban da tamu: za ka ji an ce "ya zo" ana nufin mace, ga Turanci da Tuwi, harshen Ashanti, a gauraye. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Wanda ke maganar wataƙila kakan kakansa ne ya bar Katsina ko Kano, kuma sun riƙe harshen da addinin a bakin teku fiye da shekara 100. Su ma taka za ta ba su sha'awa, za su ce ka ƙara faɗa su ji.

Ga inda nake jan kunnen duk yaron da na aika can. Da yawa daga mutanenmu suna zuwa Akra su yi wata guda tsakanin ɗakin mai masauki da masallaci da teburin mai shayi, su dawo su ce sun ga Gana. Nima suka gani. Zango zai ba ka kwanciyar hankali da abinci na halal, amma garin na ƙabilar Gã ne, su ne 'yan ƙasa, Tuwi ne ya fi yawa a kasuwa, Turanci a ofis, kuma mafi yawan mutanen Kiristoci ne. Ka fita ka gan su. Ka shiga tirotiro, ƙananan bas ɗinsu, ka ji yaron mota na kiran Circle da Kaneshie da Madina. Abin da ya fi burge ni tun zuwana na farko shi ne layi: a tasha da yamma mutane na tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ba turereniya, kuma ba a cika jin ana zage-zage a titi ba. Suna son gaisuwa kamar mu, suna ƙin a miƙa musu abu da hagu kamar mu. Wanda ya shiga shago bai gaisa ba ya fara da asara.

Ka je kasuwar Makola ka ga yadda mata ke riƙe da ciniki, daga atamfa har tumatir. Ka leƙa Kantamanto, kasuwar gwanjo, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairu 2025, ka ga teloli na mayar da tsohon kaya sabo, wannan zai amfane ka a sana'arka. Ka je wurin da aka binne Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, inda ya yi shelar 'yancin kai a ranar 6 ga Maris 1957. Ka gangara Jamestown ka ga kwale-kwalen masunta da tsofaffin ganuwoyin Turawa da aka tsare bayi a ciki kafin a tsallaka da su teku. Ka tsaya ka yi musu addu'a, domin a cikin waɗanda aka sayar akwai mutanen arewa. Ranar Juma'a kuma ka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, kusa da Nima, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Babban limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, Bahaushen zango ne, kuma girman da Kirista da Musulmi ke ba shi abin a je a gani ne a koya. Idan ka samu sarari, ka kai gaisuwa Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Shinkafa da wake irin tasu, mai ja, da shito mai yaji, tana riƙe ciki tun safe har la'asar, ga tuwon zafi, ga dokunu, wani tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. A wajen zango ana sayar da naman alade da giya a fili, saboda haka ka tambaya kafin ka ci nama, ko ka tsaya kan kifi. Akra gari ne mai tsada, musamman ɗakin kwana, kuma da naira a hannu za ka ji tsadar sosai. Zama wurin baffanka shi ne rabin guzurinka. Ka kai masa tsaraba ta gida, kilishi da dabino da turare, ka riƙa sa hannu a cefane ko bai nema ba. Ka guji watan Disamba, lokacin da baƙi ke cika garin komai ya tashi, ka kuma guji Mayu da Yuni saboda ruwa. Ambaliyar ranar 3 ga Yuni 2015 da gobarar gidan mai a Circle sun kashe mutum fiye da 150, kuma har yanzu unguwannin kwari na cika idan aka yi ruwa mai ƙarfi.

Saura hula. Kasuwa akwai, domin mutanen zango na son shigar gida ranar Juma'a da salla da biki, kuma aikin hannu na arewa yana da daraja a idonsu. Amma kwana 90 ɗin nan na ziyara ne, ba lasisin kasuwanci ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da talla ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Ka kuma san cewa tsakaninmu da su akwai tsohon tabo: sun kori baƙi a 1969, mu ma mun kori nasu a 1983. Saboda haka kada ka shimfiɗa tabarma a bakin titi, kada ka sa baki a siyasarsu. Ka ɗauki huluna kaɗan na gwaji, waɗanda za su shiga jakarka, kala daban-daban da girma daban-daban, idan jami'in kwastan ya tambaya ka nuna masa ba ɓoye-ɓoye. Baffanka ya haɗa ka da mai shago ɗan ƙasa a Nima ko Madina, ka bar masa su, ku yi farashi a gaban shaida, ka rubuta irin launi da aikin da aka fi tambaya. Idan sun tafi, sauran sai ka riƙa aikowa daga Gombe.

Kuɗin dawowa ka ware su tun ranar da ka isa, ka damƙa wa baffanka amana, kada su kwana a aljihunka. Ka ɗauki hoton fasfo da katin rigakafi a waya, ka bar kwafi a gida, idan wani abu ya ɓata akwai ofishin jakadancin Najeriya a Akra. A dawowa ka bar Tudu da asuba. Da ka taka ka wuce Aflao kana cikin birnin Lome, domin babban birnin Togo a bakin iyakar yake, ka ga ka samu ganin wani babban birnin a kyauta. Ka yi azahar a unguwar Zongo ta Kwatano, ka tabbata ka tsallake Seme ka wuce Badagry kafin magariba.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ka gaishe min da baffan naka.